Na riski raka'a ɗaya a Magariba, yaya zan cika sauran?

Ɗan Tireda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da ɗaliban ilimi na wannan zaure, Allah ya saka muku da alheri, ina da tambaya.

A masallatan kasuwa da na bakin titi, da zarar liman ya sallame Magariba sai ka ga rabin sahun baya sun miƙe suna ramuwa, amma kowa da irin tasa. Mutum biyu za su shigo tare, raka'ar ƙarshe kaɗai suka samu. Wannan ya kawo raka'a ɗaya ya zauna ya yi tahiya, ya sake miƙewa ya kawo ɗaya. Wancan kuma ya jero biyun bai zauna a tsakani ba. Wani yana karatu a bayyane, na gefensa ko motsin leɓensa da ƙyar kake gani. Wani ya ƙara sura a duka biyun, wani a ta farko kawai. To wanne ne daidai?

Sannan idan liman ya yi rafkanwa, ya yi sujada biyu kafin sallama ko bayanta, wanda bai samu farkon sallar ba bin sa zai yi ko jira? Na ƙarshe, wannan da ake taɓa kafaɗar mai ramuwa a tsaya a gefensa a mayar da shi liman, yana da asali? Don Allah a yi mini dalla-dalla, raka'a bayan raka'a, kada a dunƙule.

Almajirin Zaure:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda kake magana a kansa shi ake kira masbuƙi, wato wanda liman ya riga shi da raka'a ɗaya ko fiye. Zan amsa maka a kan mazhabar Imam Malik, tunda ita aka karantar da mafi yawanmu a makarantun zaure, kuma ita mafi yawan limamanmu suke bi.

Ƙa'idar gajera ce, in ka riƙe ta ba za ka sake ruɗewa ba: ramuwa a karatu, gini a aiki. Ta fuskar karatu, abin da ka samu tare da liman shi ne ƙarshen sallarka, saboda haka idan ka miƙe za ka ramo farkon kamar yadda ya wuce ka, Fatiha da sura, a bayyane in sallar bayyane ce, a ɓoye in ta ɓoye ce. Ta fuskar aiki kuwa, wato inda za ka zauna tahiya da inda za ka miƙe, abin da ka samu da liman shi ne farkon sallarka, sai ka ɗora a kansa. Asalin wannan hadisin Abu Huraira ne, inda Annabi (SAW) ya ce idan an tayar da iƙama a zo salla da natsuwa, abin da aka riska a sallata, abin da ya wuce kuma a cika. A wata ruwayar maimakon "ku cika" sai aka ce "ku rama". Malikiyya sai suka yi aiki da duka biyun, cikawa ta tafi ga aiki, ramuwa ta tafi ga karatu.

Mu ɗauki Magaribarka. Ka samu raka'a ta uku kaɗai. Liman ya zauna tahiya, ka zauna tare da shi. Ya yi sallama, sai ka miƙe ka karanta Fatiha da sura a bayyane, domin ta farko kake ramawa. Ka yi ruku'u da sujada, sannan ka zauna ka yi tahiya, domin a lissafin aikinka wannan ce raka'arka ta biyu, kuma bayan ta biyu ake zama. Ka miƙe da kabbara, ka sake karanta Fatiha da sura a bayyane, domin ta biyu kake ramawa, ka zauna tahiyar ƙarshe ka yi sallama. Ka ga ke nan raka'a uku, zama uku. Wanda ka gani ya jero biyu bai zauna ba, zaman tsakiya ya bari, kuma ƙabli, wato sujada biyu na rafkanwa kafin sallama, ta hau kansa.

Isha'i, ka samu ta ƙarshe kaɗai: raka'a ɗaya da Fatiha da sura a bayyane, ka zauna tahiya. Ka miƙe, Fatiha da sura a bayyane, amma nan ba zama, domin ita ce ta ukunka. Ka miƙe ka kawo ta ƙarshe da Fatiha kaɗai a ɓoye, ka zauna ka sallame. Azahar da La'asar haka suke ba bambanci, sai dai duk karatun a ɓoye ne. In raka'a biyu ka samu a salla mai huɗu, biyun da za ka kawo dukansu da Fatiha da sura, ba zama a tsakaninsu. In uku ka samu, ɗaya za ka kawo da Fatiha da sura. In biyu ka samu a Magariba, ɗaya ce da Fatiha da sura a bayyane. Asuba kuma, ka samu ta biyu, ka kawo ɗaya da Fatiha da sura a bayyane.

Akwai ɗan abin da mutane kan manta, kabbarar miƙewa bayan sallamar liman. Idan raka'a biyu ka samu, ka miƙe da kabbara, domin zaman da ka yi wurin zamanka ne na gaskiya. Idan ɗaya ko uku ka samu, ka miƙe shiru ba kabbara, domin kabbarar da ka yi lokacin ɗagowa daga sujada ita ce ta miƙewarka, zaman nan biyayya ce kawai ga liman. Wanda bai samu ko raka'a ɗaya ba, tahiyar ƙarshe kawai ya tarar, shi ma da kabbara zai miƙe, tamkar mai buɗe salla ne.

Kuma tun daga lokacin da liman ya yi sallama ka zama mai salla shi kaɗai. In ka ɗago daga ruku'u ka haɗa duka biyun, "Sami'allahu liman hamidahu" da "Rabbana wa lakal hamdu". Alƙunutun Asuba mustahabbi ne, malaman mazhaba sun saɓa ko mai ramuwa zai yi shi a raka'ar da ya kawo, wanda ya yi da wanda ya bari duk sallarsu ta yi. Abin da ba a yi shi ne sujadar ƙabli saboda barin alƙunutu, wannan ita ce za ta ɓata sallar da tun farko lafiyarta lau.

Ladanin Unguwa:

Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Ni zan koma baya kaɗan, domin da yawa tun a ƙofar shiga suke yin asara, ramuwar kuma sai ta tafi a kan lissafin da ba daidai ba.

Raka'a ba ta ƙirguwa sai ka samu ruku'u tare da liman, wato ka sunkuya ka ɗora tafukanka a kan gwiwoyinka kafin ya ɗago. Ba sai ka karanta Fatiha ba, liman ya ɗauke maka. Amma a lura da wani abu: jikin liman ake dubawa, ba muryarsa ba. Wasu limaman sai sun miƙe sambal sannan su ce "Sami'allahu liman hamidahu". Wanda yake waje a kan tabarma, lasifika kawai yake ji, sai ya ɗauka ya samu alhali liman ya daɗe da ɗagowa. In ba ka ganin liman, dubi sahun da ke gabanka. In kuma ka shiga kokwanto, ko ka samu ko ba ka samu ba, ka jefar da wannan raka'ar, ka ci gaba da bin liman, ka lissafa ta cikin waɗanda za ka rama.

Sai kabbarar harama. Farilla ce, kuma liman ba ya ɗauke ta. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce ka tsaya cak a sahu, ka ƙulla niyyar sallar da niyyar koyi da liman, ka ce "Allahu Akbar" ka gama ta kana tsaye, sannan ka yi kabbara ta biyu kana tafiya ruku'u. Abin da ake gani shi ne mutum ya shigo a guje, ya cillar da takalmi, ya fara kabbara bayansa ya riga ya lanƙwasa. Wanda ya fara kabbarar harama yana kan sunkuyawa, wannan raka'ar ba ta ƙirgu gare shi ba, ya yi gudun banza. Wanda kuma ya yi kabbara ɗaya da nufin ta ruku'u kawai, ya manta da ta harama gaba ɗaya, zai ci gaba da bin liman amma sai ya sake sallar. In kabbara ɗayar ya nufi harama da ita, ko ya nufi duka biyun, ta isar masa.

Kada ka tsaya jiran liman ya miƙe. Za ka ga mutum ya tarar ana sujada, ya harɗe hannu yana kallon agogon bango wai sai an tashi. A duk halin da ka samu liman ka shiga. Yana sujada, kabbarar harama, sai kabbarar sujada, ka bi shi ƙasa, duk da cewa raka'ar ba taka ba ce. Yana zaune, kabbarar harama kaɗai ka zauna ba wata kabbarar.

Gudu kuma an hana. Hadisin da Malam ya kawo da kansa ya ce a zo da natsuwa, kada a yi gaggawa. Ɗan ɗaga ƙafa ba laifi, amma ba tseren da mutum zai iso yana haki ya kasa haɗa niyya ba. Sahabi Abu Bakrata ya tarar da Annabi (SAW) yana ruku'u, ya yi ruku'u tun kafin ya kai sahu, da aka idar aka ce masa Allah ya ƙara masa kwaɗayin alheri amma kada ya sake, Buhari ya ruwaito. A mazhaba an yi rangwame ga wanda yake tsoron raka'a ta kuɓuce masa, in yana kyautata zaton zai kai sahu kafin liman ya ɗago, ya yi ruku'u a inda yake ya taka zuwa gurbin, gwargwadon sahu biyu. In ba gurbi a sahu, ka tsaya kai kaɗai a baya, sallarka ta yi, kada ka jawo rigar wani ya dawo baya ya taya ka tsayuwa.

Sannan wannan ɗabi'a ta gyaran murya da ƙarfi, ko jan takalmi a ƙasa, ko buga ƙofa don liman ya ji ya tsawaita ruku'u, a daina. A mazhabar Malik ma an karhanta wa liman tsawaita ruku'u don mai shigowa. Mutum hamsin da suka bar shagunansu suka zo da wuri ba za a riƙe su a sunkuye ba saboda wanda ya tsaya ƙarasa ciniki.

Abu na ƙarshe, na Asuba. In ka shigo masallaci an riga an tayar da iƙama, ba maganar raka'atal fajri, ka shiga sahu. Hadisin Muslim ya ce idan an tayar da salla babu wata salla sai farilla. Ka rama su bayan rana ta fito ta ɗan ɗaga, kana da dama har zuwa zawali.

Ɗan Tireda:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya. Wannan na kabbarar miƙewa ban taɓa sanin akwai bambanci ba. Saura maganar ƙabli da ba'adi, wato sujadar rafkanwa ta kafin sallama da ta bayanta. Sannan Allah gafarta Malam, idan mutum ya manta cewa shi masbuƙi ne, ya yi sallama tare da liman, sai da na gefensa ya ce masa "ai da saura", sabuwa zai ɗauro ko ɗorawa zai yi?

Almajirin Zaure:

Mas'alar ƙabli da ba'adi ga masbuƙi tana nan a babin rafkanwa na Ahalari, wanda yara suke haddacewa, amma aiki da ita a cikin sahu shi ne wuyar. Tambayar farko da za ka yi wa kanka: na samu cikakkiyar raka'a tare da limamin nan ko ban samu ba?

In ba ka samu ko raka'a ɗaya ba, ba ruwanka da sujadarsa, ƙabli ce ko ba'adi. Ka zauna kawai har ya gama. In ka bi shi ka yi sujadar da gangan, sallarka ta ɓaci, domin ka ƙara sujada biyu a sallar da hukuncin mamu, wato mai bin liman, bai hau kanka a cikinta ba.

In ka samu raka'a ɗaya ko fiye, ƙabli tare da shi za ka yi. Ya gama tahiya ya yi kabbara ya tafi sujada kafin sallama, ka bi shi, ku yi biyun, ku sake tahiya, ya yi sallama, kai kuma ka miƙe ramuwa. Ba sai ka sake ta a ƙarshen sallarka ba. Ko da rafkanwar ta faru ne tun kafin ka shigo, misali ya manta sura a raka'ar farko kai kuma a ta uku ka zo, duk da haka za ka yi.

Ba'adi ce take kayar da mutane. Liman ya yi sallama, sai aka ji "Allahu Akbar", duk sahu ya tafi ƙasa, masbuƙi ma jiki ya ɗauke shi ya bi. Kada ka bi. Kai ba ka yi sallama ba, sallarka a buɗe take, sujada biyun nan ƙari ne a tsakiyarta. Ko dai ka miƙe ka fara ramuwarka tun daga sallamar da ya yi kafin ba'adin, ko ka zauna shiru har ya gama sannan ka miƙe, duka an yalwata. Idan ka cika sallarka ka yi sallama, sai ka yi taka ba'adin: kabbara, sujada biyu, tahiya, sallama. Wanda ya bi liman a ba'adi da gangan sallarsa ta ɓaci. Wanda mantuwa ce ta kai shi, sallarsa tana nan, ya sake ba'adin bayan sallamarsa. Wanda ya yi don rashin sanin hukunci, malamai sun saɓa a kansa, wasu sun haɗa shi da mai ganganci, wasu da mai mantuwa. Shi ya sa nake ganin ya dace limamai su riƙa ɗan faɗakarwa a kan wannan bayan salla, musamman a masallatan da masu ramuwa suka fi waɗanda suka samu kabbarar farko yawa.

Rafkanwar da ka yi kana bayan liman, shi ya ɗauke maka, muddin ba farilla ka bari ba. Wadda ka yi bayan ya sallame kuwa taka ce. Ka manta sura a raka'ar ramuwa har ka yi ruku'u, ƙabli. Ka ɓoye karatu inda ya kamata ka bayyana, ragi ne, ƙabli. Ka bayyana inda ya kamata ka ɓoye, ƙari ne, ba'adi. Ka manta zaman tsakiya a Magaribar nan da muka yi magana, in ka tuna hannuwanka da gwiwoyinka ba su bar ƙasa ba, koma ka zauna ba komai a kanka. In sun bari, wuce abinka ka yi ƙabli. In ba'adin liman tana wuyanka, kai kuma ka jawo ƙabli a ramuwarka, ƙablin kaɗai ta wadatar. Kuma kada a yi wasa da ƙablin da ta hau saboda barin zaman tsakiya, domin sunnoni uku ne a haɗe. Wanda ya manta ta har ya yi sallama, in ya tuna nan kusa ya yi ta, in an jima ko ya fita daga masallaci sallar ce gaba ɗaya za a sake. Ba'adi kuwa ko bayan shekara ka tuna, yi za ka yi, sallar ba ta ɓaci.

Tambayarka ta biyu. Wanda ya yi sallama da mantuwa alhali da saura, in ya tuna nan kusa bai bar masallaci ba, ɗorawa zai yi. Ya zauna yana fuskantar alƙibla, ya yi kabbara da niyyar komawa cikin sallarsa, ya miƙe ya kawo abin da ya rage a kan ƙa'idar da ta gabata, ya yi sallama, ya yi ba'adi saboda sallamar da ya ƙara. In ya riga ya saka takalmi ya fita, ko an ɗauki lokaci mai tsawo, sabuwa zai ɗauro.

Kishiyar wannan shi ne mai zumbur ya miƙe tun liman bai rufe baki ba. Masbuƙi ba ya tashi sai bayan sallamar liman, kuma duk abin da ya yi kafin ita ba ya cikin lissafi. Tunda limamai da yawa yanzu sallama biyu suke yi, ka bari ya gama duka biyun.

Malama Uwar Ɗalibai:

Assalamu alaikum. Malamai sun yi bayani mai gamsarwa, Allah ya saka. Zan ƙara abu uku ƙanana.

Bayyanawa ba ihu ba ne. Mafi ƙarancinta ga namiji shi ne ya jiyar da kansa da wanda ke dab da shi. Idan mutum goma suka miƙe ramuwar Isha'i kowa ya saki murya, wannan yana Wal-asri wancan yana Ƙul huwallahu, sai su rikita juna, su rikita masu tasbihi. Kowa ya tsaya a mafi ƙaranci. Mace kuwa bayyanawarta ita ce ta jiyar da kanta kaɗai, saboda haka 'yan'uwa mata da suke zuwa Isha'i da Asham cikin azumi, in kun makara ramuwarku iri ɗaya ce da ta maza wajen sura da zama, murya ce kawai ba ta wuce kunnenki.

Na biyu, ratsawa ta gaban mai ramuwa. Liman yana sallamewa masu sauri sun tashi, mai ramuwa yana bakin ƙofa, sai a yi ta tsallake wurin sujadarsa. Yayin da yake bayan liman ba ya buƙatar sutura tasa, wato abin da mai salla yake sakawa a gabansa don kada a ratsa shi, amma yanzu shi kaɗai ne. Hadisin Abu Juhaim a Buhari da Muslim ya ce da mai wucewa ta gaban mai salla ya san abin da ke kansa, da tsayuwarsa arba'in ta fi masa alheri, mai ruwayar ya ce bai sani ba kwana ne ko wata ko shekara. Shi ma mai ramuwar yana da nasa rabon: Imam Malik ya yi rangwame ya ɗan matsa zuwa ginshiƙin da ke kusa da shi, dama ko hagu ko gaba, ya mai da shi sutura. Kuma wanda ya san ya makara, in da wani gurbi, ya guji tsayawa a kan hanyar fita.

Na uku, Malam Ɗan Tireda, ba duk wanda ka ga ya saɓa wa wannan tsari ne jahili ba. A wurin Imam Shafi'i abin da ka samu da liman shi ne farkon sallarka ta kowace fuska, saboda haka mai raka'a ɗaya a Magariba zai bayyana a ta biyunsa, ya zauna, ya ɓoye a ta ukunsa. Akwai malamai a ƙasar nan da suke karantar da haka, suna riƙe da lafazin "ku cika". Ka lura zaman tsakiyar nan duka ɓangarorin suna yin sa, saɓanin a karatun raka'ar ƙarshe yake. Wannan bai kai a tsayar da mutum a bakin masallaci a ce masa ba shi da salla ba. Wanda za a ja gefe a yi wa gyara cikin sirri shi ne mai barin zaman, ko mai bin liman a ba'adi.

Mai Goro na Tasha:

Saura ta taɓa kafaɗa, ba wanda ya ɗauka. A mazhabar Malik sharaɗi ne liman ya zama ba mamu ba ne, kuma masbuƙin da ya samu raka'a ɗaya ko fiye hukuncin mamu bai gama sauka daga kansa ba, ga shi har ba'adin limaminsa tana iya zama a wuyansa. Wanda ya yi koyi da shi sallarsa ba ta yi ba, shi mai ramuwar tasa lafiya lau. In kuwa tahiyar ƙarshe kawai ya tarar, bai samu raka'a ba, ana iya bin sa. Matsalar ita ce kai da ka shigo yanzu ba ka san ko nawa ya samu ba. Shafi'iyya sun halatta koyi da masbuƙi bayan sallamar limaminsa, daga nan abin ya samo asali, amma mai bin Malikiyya ya yi sallarsa shi kaɗai, ko ya sami wani da bai yi ba su yi jam'insu a wajen masallacin, tunda a mazhaba an karhanta jam'i na biyu a masallacin da yake da tsayayyen liman bayan ya idar. Kai kuma da aka taɓa, kada ka canza komai, ci gaba da ramuwarka yadda take.

Falalar jam'i, daraja 27 da ta zo a hadisin Ibn Umar, a mazhaba da cikakkiyar raka'a ake samun ta. Kuma ramuwa ba abin kunya ba ne. A tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) da Mugira ɗan Shu'uba sun iso sun tarar Abdurrahman ɗan Aufu yana jan mutane Asuba ya riga ya yi raka'a ɗaya. Suka bi shi a ta biyu, da ya yi sallama Annabi (SAW) ya miƙe ya cika tasa, sannan ya yaba wa sahabbai da suka yi salla a kan lokaci. Muslim ya ruwaito.

Masu salla a tashar mota da masallatan kan hanya su kula da wannan, domin kama take yi da ramuwa amma ba ita ba ce. Liman matafiyi ya yi ƙasaru, ya sallame Azahar a raka'a biyu, kai mazaunin gari kana bayansa tun farko. Biyun da za ka kawo ba ramuwa ba ce, ta uku da ta huɗu ce ta kowace fuska, Fatiha kaɗai a ɓoye, ba sura. Ya kamata irin wannan liman ya sanar da mutane, kamar yadda Sayyidina Umar yake faɗa wa mutanen Makka su cika sallarsu domin su matafiya ne. In kuma kai ne matafiyin, ka bi liman mazaunin gari ka samu raka'a ɗaya tare da shi, huɗu za ka cika, ƙasaru ta faɗi.

Juma'a ma ruku'un raka'a ta biyu ne iyaka. Ka same shi, ka ƙara raka'a ɗaya da Fatiha da sura a bayyane, ka samu Juma'a. Ka zo liman ya ɗago daga shi, ka shiga a yadda ka tarar, in ya yi sallama ka kawo huɗu na Azahar a ɓoye. Abu Hanifa yana ganin ko tahiya ka samu biyu za ka yi, amma Malik da Shafi'i da Ahmad duk a kan huɗu suke.

Ladanin Unguwa:

Tunda an ambaci Juma'a, ga ta cunkoso. Kana cikin salla tun farko, a raka'a ta biyu aka matse ka, ko gyangyaɗi ya ɗauke ka, liman ya yi ruku'u ya ɗago ba ka yi ba. In kana ganin za ka cim masa kafin ya ɗago daga sujada ta biyu, yi ruku'unka ka bi shi. In ba ka ganin haka, bar ruku'un ka bi shi a inda yake, bayan sallamarsa ka kawo raka'a ɗaya a madadinta, ba sujadar rafkanwa a kanka. Wannan rangwamen a raka'ar da ba ta farkonka ba ne. In a ta farkonka ce ruku'u ya kuɓuce maka, ta tafi ke nan, ka bi shi sujada ka lissafa ta cikin ramuwa.